Harajin otal a Edinbara: tun kafin in biya aka nuna mini inda kuɗina zai je

Jama'a barkanmu da war haka. Na kwana biyu ban rubuto komai ba, aiki ne ya sha kaina, amma abin da ya faru da ni satin nan ya ƙi barin raina sai na faɗe shi.

Umma ce za ta zo duba ni a watan Agusta, ita da Yaya. Tun da na zo karatu Edinbara a 2023 ba ta sa ni a ido ba sai ta waya. To ni ɗaki ɗaya nake haya a gidan da muke mu huɗu, kicin ɗaya banɗaki ɗaya, ko tabarma ba inda zan shimfiɗa mata. A ce uwarka ta taso tun daga Kano ka rasa inda za ka sauke ta sai otal, wallahi abin ya yi mini ciwo, mu da ko baƙon da ba a sani ba ya yi sallama sai an share masa soro.

Na je wani ƙaramin otal in kama musu ɗaki na kwana bakwai. Dama Agusta a garin nan wuta ce, lokacin bikin Fringe ne, 'yan wasan kwaikwayo da masu barkwanci daga ko'ina a duniya suna cika gari, babban titin tsohon gari, Royal Mile, ba masaka tsinke, kuɗin ɗaki kuwa sai ya ninka. Na haƙura da wannan. Sai yarinyar da ke kan kantar otal ɗin ta miƙo mini lissafi na ga wani layi daban a ƙasa, wai harajin baƙi, kashi 5 cikin 100. Nan take raina ya ɓaci, na ce mata baiwar Allah wannan kuma na mene ne, ni ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, a garin nan nake zaune, a nan nake biyan haraji. A raina na riga na yanke cewa irin wadda muka saba ce, a ƙirƙiro suna a ɗora maka.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce yallaɓai ba namu ba ne, na majalisar birni ne, mu karɓa kawai muke mu miƙa, kuma duk wanda ya kwana daga 24 ga Yuli 2026 zai biya, ko ɗan gari ne. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta buɗe shafin majalisar, ta sa biro tana nuna mini layi-layi. Kwana biyar na farko kawai ake cajin mutum, na shida da na bakwai babu, kuma a kan kuɗin ɗaki ne zalla ban da abinci. Wato in ɗaki fam 200 ne a dare, fam 10 za ka ƙara, ko wata guda ka yi ba zai wuce fam 50 ba. Kunya ta kama ni don na ɗaga murya a gaban mutane, na ba ta haƙuri.

Da na koma gida na zauna na karanta abin da kyau har shayina ya huce. Majalisar dokokin Sikotland ce ta yi doka a 2024 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar wannan haraji, Edinbara ta riga kowa, kansilolinta suka amince a Janairun 2025 bayan an ji ra'ayin jama'a da masu otal. Har ja-in-ja aka yi, wasu suna son kashi 7 wasu 8, aka tsaya a 5. Suna sa ran zai riƙa kawo har fam miliyan 50 a shekara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ko sisi ba ta shigo ba an riga an rubuta rabon: fam miliyan 5 duk shekara na gidaje, fam miliyan 2 cikin shekara uku a bar wa mutanen unguwanni su zaɓi aikin da suke so da kansu, abin da ya rage kashi 55 a tsaftar gari da gyaran tituna da lambuna da makamantansu, 35 a al'adu da kayan tarihi da bukukuwa, 10 a kula da harkar baƙin kanta. Su ma masu otal an bar musu kashi 2 na abin da suka tara ladan wahalar karɓa.

Na yaba, gaskiya na yaba. Amma da na zo kan maganar gidaje sai wani ɓacin ran ya taso. Miliyan 5 cikin 50? A garin da majalisar da bakinta ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin gidaje a Nuwamba 2023, lokacin da iyalai wajen 5,000 ke zaman wucin gadi, wasu a otal-otal ɗin nan ma aka ajiye su da 'ya'yansu. Ni na ɗanɗana. Zuwana na farko sati uku na yi a otal mai arha ina ƙona kuɗin makaranta, kullum in fita duba ɗaki in tarar da layin mutane a bakin ƙofa cikin ruwan sama kowa riƙe da takardunsa, wani dillali ya kalle ni ya ce sai na kawo ɗan ƙasa ya tsaya mini ko in biya na wata shida a dunƙule. Gidajen kuwa suna nan, sai dai ka ga 'yan akwatunan makulli jere a jikin ƙofa, an mayar da su Airbnb, wato masaukin baƙi na 'yan kwanaki, don abin da baƙo zai biya a sati ɗaya na Agusta mai haya ba zai iya ba.

Yanzu haka a otal nake aiki, gyaran ɗakuna. Matar da muke canza zanin gado tare daga Fife take zuwa, wani yanki can wajen gari, sai ta tsallako gada a jirgin ƙasa da duku-duku saboda haya a cikin gari ta fi ƙarfinta. Mu ne muke wanke banɗakin baƙon, mu ne ba mu da wurin kwana kusa da shi. Na gane dalilinsu, dokar ce ta ce kuɗin dole ya tafi kan abubuwan da baƙi ke amfana da su, shi ya sa ko wannan miliyan 5 ɗin sai da aka ɗaura shi da cewa ma'aikatan harkar suna buƙatar muhalli. Duk da haka ya yi kaɗan, kuma ko a gaban kansilan unguwarmu zan faɗa, tunda a nan yana da ranar da yake zama a laburare kowa ya je ya same shi.

To mu fa? Mu ma ai ana karɓa. Legas tun 2009 take da dokar kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, ga VAT a kai. Amma tsakani da Allah wa ya taɓa tsayawa ya tambayi ina kuɗin ke tafiya? Ko rasit ba ma karɓa, in ka nema ma sai a ga kamar ka cika ƙwaƙwa, wani ma ya ce a cire masa harajin ya ba da na goro a rufe maganar. Sai mu dawo muna ta ƙorafi a majalisa da daddare. Hawan Sallah na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2024, otal na cika lokacin Hawan Daushe, ga marinar Ƙofar Mata, ga Gidan Makama, ga Dala. Su nan dutse ɗaya da tsohuwar fada a kansa suke ta tallatawa duniya na zuwa. Mu badala muna ji muna gani ake yanka ta ana gini, wasu su ɗebi ƙasarta, wasu su mayar da gindinta juji, kuma ba baƙi ne ke yi ba, mu ne. Ko da za a tara kuɗin baƙi a gyara, in halinmu bai canza ba gobe ma haka za a wayi gari.

Na dai biya, rasit ɗin na nan a aljihun rigar sanyina. Yaya in kana karantawa, ka ce wa Umma ta taho da suwaita mai kauri, Agustan nan ba irin namu ba ne, iska ce da yayyafi. Kada ku ɗauko kilishi za a ƙwace a filin jirgi, kuka da daddawa da yaji dai a cika mini leda. In ƙafarta ta yarda zan hau da ita Calton Hill da yamma ta ga garin daga sama, ni duk ranar da na hau Dala nake tunawa.