Nutso a teku: Dahab, Zanzibar ko Maldibs, ina kuɗin mutumin Jigawa zai fi yi masa aiki?

Duk wanda ya iya iyo a madatsar Tiga ko a kogin Haɗeja ba zai sha wuya a gwajin farko na makarantar nutso ba: iyo na mita 200 ba tsayawa, sai zama saman ruwa na minti 10 ba ka riƙe komai ba. Abin da za ka biya kuɗi ka koya shi ne numfashi ta tukunyar iska a ƙarƙashin teku. Kwas ɗin farko na PADI ko SSI, ƙungiyoyin duniya masu ba da katin shaidar nutso, kwana 3 zuwa 4 ne, akwai karatu, akwai atisaye a ruwa mara zurfi, sai nutso 4 a teku, sannan a ba ka katin da ya halatta maka sauka har mita 18. Katin nan ɗaya ne ko a wace ƙasa aka yi shi. Bambancin yana wurin kuɗin da za ka zuba da wahalar da za ka sha kafin ƙafarka ta taɓa ruwa, kuma ga mai koren fasfo wahalar daga biza take farawa.

Shi ya sa wuraren da Turawa ke yabo da araha ba su da amfani sosai a gare mu. Tsibirin Koh Tao na Tailan yana cikin mafi arahar wuraren koyo a duniya, amma sai ka nemo takardar shaida daga NDLEA kafin a duba maka biza, ga tafiyar jirgi biyu ko uku da jirgin ruwa a kai. Indunusiya ta fi kowa yawan murjani (duwatsun halittun ruwa masu launi) da kifi, sai dai ta sa Najeriya cikin ƙasashen da sai an yi musu bincike na musamman daga Jakarta. A ajiye su gefe.

Dahab ƙaramin gari ne a gaɓar Sina'i ta ƙasar Masar, kan Bahar Maliya, kimanin kilomita 90 arewa da Sharm El-Sheikh. Mutumin Gumel ko Ringim ko Bichi zai iya barin gida da safe ya hau jirgin Alƙahira a filin jirgin Malam Aminu Kano, tafiyar da ba ta wuce awa 5, daga can awa 1 a sama zuwa Sharm, sai mota ta ƙarasa da shi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Bizar Masar tun daga gida ake nemanta, amma hanya ce da mutanenmu suka riga suka tattake da zuwa asibiti da karatu da fatauci, don haka ba za ka rasa wanda ya san takardun da ake so ba.

Abin da ya ɗaga Dahab sama da sauran shi ne daga bakin gaɓa ake shiga ruwa. Murjanin yana nan dab da tudu. Za a ɗora kayanka a bayan a-kori-kura, a kai ka wuri kamar Lighthouse da ke cikin gari ko Eel Garden ko Canyon, ka haɗa kayanka a kan tabarma, ka taka da ƙafarka ka shiga. Ba kuɗin jirgin ruwa, ba kuɗin mai, ba tashin asuba don kada jirgi ya bar ka, kuma ba amai. Wanda ya tashi a Maigatari bai taɓa kwana kan igiyar ruwa ba, kada ya raina maganar aman nan: mutum kan biya kuɗin yini guda cur ya ƙare a kwance a gefen jirgi yana jin kamar hanjinsa zai fita, ba kuma wanda zai mayar masa da ko sisi. A Dahab, tsakanin nutso da nutso kana zaune a inuwar rumfa da shayin Badawiyyawa, lokacin azahar ya yi ka yi sallarka a kan ƙasa mai tsayawa wuri ɗaya.

Ga ɗan koyo wannan ya fi komai. A Lighthouse yashi ne ke gangarawa a hankali, malami zai tsayar da kai a mita 2, sai 5, sai 10, ka koyi daidaita kunne ba gaggawa. Ruwan garau yake, sau da yawa kana hangen mita 20 zuwa 30. Kuɗin kwas yakan kama daga Yuro 300 zuwa 400 har da hayar kaya. Bayan ka samu kati, nutso ɗaya da jagora yakan tsaya wajen Yuro 30 zuwa 40, in ka sayi goma a dunƙule a rage maka. Masauki akwai na kowane aljihu, abinci kuwa wake da gurasa da falafil da kifi, ba ka tambayar ko halal ne. Larabcin Islamiyya ma yana kai ka kasuwa ya dawo da kai.

Aibinsa sanyi da iska. Daga Disamba zuwa Maris ruwan kan sauka zuwa digiri 21 ko 22, kuma fitowa daga ruwa cikin iskar Sina'i ta fi hunturun Kazaure cizo. A lokacin sai rigar roba mai kaurin milimita 5 ko 7 da hula. Oktoba da Nuwamba su ne lokacin da ya dace: ruwa na da sauran ɗumi wajen digiri 25 zuwa 26, zafin bazara ya sauka, kuma lokacin ne kuɗin riɗi da zoɓo ke fara shigowa hannu. Abu na biyu, Dahab ba wurin manyan kifaye ba ne. Mai son ganin jirgin Thistlegorm da aka nutsar a 1941, ko gandun Ras Muhammad, sai ya ware yini guda ya bi ta Sharm, kuma Thistlegorm yana wajen mita 30, sai mai katin kwas na gaba da na farko.

Hurghada ma Masar ce, farashin kusan ɗaya, amma kullum a jirgin ruwa kake tare da cincirindon masu yawon buɗe ido. Jiragen da ake kwana a cikinsu mako guda kuwa ba na sabon shiga ba ne. A Nuwamban 2024 ɗaya ya kife kusa da Marsa Alam, an rasa rayuka.

Zanzibar tana da daɗin zama, ruwanta ɗumi ne duk shekara, mutanenta Musulmi ne, ga masallaci ko'ina. Matsalar a lissafi take. Ɗan Najeriya sai ya nemi bizar Tanzaniya irin wadda ake tura wa hedikwata a jira amincewa, ba a ba shi a filin jirgi. Tun Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44, ko da yana da tasa. Wurin nutso mai kyau shi ne kewayen tsibirin Mnemba, sai da jirgi, nutso biyu kan haura dala 100, kwas kuma yakan kai dala 500. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwa ya gurɓace. In amarci ne ya kai ka, nutso kuma ƙari ne, to Zanzibar ta yi.

Maldibs tana ba kusan kowa biza kyauta ta kwana 30 a filin jirgi, ƙasar Musulmi ce, kuma a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune irin su Maafushi da Rasdhoo ba a sayar da giya, ga ƙananan masaukai da ba su kai tsadar manyan otal ba. Amma farashin da ka gani a intanet ba shi za ka biya ba: akwai harajin yawon buɗe ido kashi 17 cikin ɗari, kuɗin hidima kashi 10, harajin muhalli na kowane dare, da kuɗin kwalekwale mai gudu daga Male, babban birnin ƙasar. Ruwan kuma yana da ja sosai a mashigin tsibirai, wanda shi ke kawo manyan kifayen, shi ne kuma ke firgita wanda bai daɗe da koyo ba. Wurin zuwa ne bayan ka tara nutso 30 ko 40 a littafinka.

Duk wannan kwatancen ba zai amfane ka ba in ka faɗa hannun macuci, kuma cutar tun daga gida take farawa. Akwai masu karɓar fasfo a gari su ce za su haɗa maka biza da tikiti da otal da nutso a farashi ɗaya. Raba su. Tikiti ka saya daga kamfanin jirgi ko ejan mai ofis da ka san shi, makarantar nutso kuma ka yi magana da ita kai tsaye, kada kafin alƙalamin ya wuce kuɗin littafin karatu, sauran sai ka ga wurin da idonka. Katin rigakafin shawara ka je ka yi allurar da kanka a ofishin lafiya na filin jirgi, aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Na bogi da ake rubutawa a bayan mota ba ya fita in an duba lambarsa, kuma Masar da Tanzaniya da Maldibs duka suna iya tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Dalar da ka canza a Wapa ka duba ta ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa ko mai tabo ana ƙin karɓarta.

A can kuma, cuta mafi yawa ita ce a sayar maka da nutson ɗanɗano a matsayin kwas. Na ɗanɗano yini ɗaya ne, iyakarsa mita 12, malami na riƙe da kai, ba ya ba da kati. Wanda ya ce zai gama maka kwas cikin kwana ɗaya da rabi a rabin farashi, atisayen da zai ceci ranka zai tsallake: cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa ka mayar, karɓar iska daga abokin nutso, tasowa in iska ta ƙare. Araha ba ta ado. Tambayi lambar malamin ka duba ta a shafin ƙungiyarsa ka ga ko rajistarsa na aiki a bana. A Masar kowace makaranta ta halal tana da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a ƙasar, kuma ba abin kunya ba ne ka ce a nuna maka. Tambayi mutum nawa ne a ajin. Ƙa'ida ta yarda har 8 ga malami ɗaya, amma kada ka yarda da fiye da 4. Tambayi ko kuɗin littafi da na fitar da kati suna cikin farashin, don a nan ake ɓoye ƙarin Yuro 50 ko fiye. Kada ka bar garin sai ka ga sunanka ya fito a manhajar ƙungiyar.

Sai iska, wadda ita ce ba ka gani. Tukunyar da aka fi bayarwa mai lita 12 ce, a cike tana nuna 200 a agogon auna matsin iska. In ka ga 170 ka ce a sauya. Iska ce ta yau da kullum da kwamfuresa ya matse, kuma in matatarsa ta tsufa ko bututun shan iskarsa na kusa da salansar janareta, hayaƙi mai guba ya shiga tukunya, matsin zurfi kuma ya ninka illarsa. Kafin ka haɗa regileta, na'urar da kake shaƙar iskar tukunya ta cikinta, buɗe bakin tukunyar kaɗan ka shinshina. Warin mai ko ɗanɗanon baƙin mai a harshe, ajiye ta. Mafi munin gubar ba ta da wari, saboda haka ka leƙa ɗakin kwamfuresan da kanka ka ga inda yake shan iska. Makarantar da ta hana ka leƙawa ta ba ka amsa. Duba wuyan tukunya, akwai hatimin ranar gwajinta na ƙarshe, kada ya wuce shekara 5. Bayan ka haɗa, ka ja numfashi mai ƙarfi sau uku kana kallon allurar agogo: in tana rawa, ko ba a buɗe tukunyar duka ba ko regiletan na da matsala. Ka kuma tabbata akwai tukunyar iskar oksijin ta gaggawa a motar ko jirgin da zai kai ku, ka gan ta da ido.

Dahab na da tarkonta na musamman. Blue Hole rami ne mai zurfin sama da mita 100, kewaya bakinsa a mita 15 ko 18 abu ne mai sauƙi da kyau. Amma a wajen mita 55 akwai wata ƙofa da ke ɓullewa teku, ta ci mutane da yawa, allunan sunayensu na manne a dutsen wurin. Iyakar nutson shaƙatawa mita 40 ne ko ga gwanaye. Jagoran da ya ce zai ratsa da kai ta ƙofar nan da tukunya ɗaya in ka ƙara masa wani abu, kada ka sake shiga ruwa da shi ko a mita 5.

Kafin ka kashe ko kwabo, je babban asibiti a duba jininka. Mai sikila ba ya nutso da tukunya, mai AS kuma ya nemi shawarar likita. Haka mai farfaɗiya, mai asma, mai ciwon zuciya da mace mai ciki. Mura ma tana hana kunne daidaituwa, kuma tilasta shi na iya fasa dodon kunne. Gemu ba ya hana komai, gashin baki ne ke sa ruwa shiga gilashi, sai a rage layin da ke ƙarƙashin hanci. Mata suna iya neman malama mace tun kafin su taso, rigar robar da hularta suna rufe jiki daga kai har idon sawu. Kada a haɗa tafiyar da azumi, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon tasowa.

Ciwon nan yana faruwa ne saboda iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a zurfi. In ka taso da sauri sai ta yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, a fito da aƙalla 50 a agogo. Maganinsa ɗakin matsin iska ne, akwai shi a Dahab da Sharm, amma kuɗinsa dubban daloli ne kuma inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukarsa. Sayi ta nutso, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ko ta 'yan kwanaki da makarantu ke sayarwa a teburinsu.

Bayan nutso na kwanaki a jere, sai ka bar aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama, mafi yawan malamai za su ce 24. Wannan ya shafi hawan Dutsen Sina'i ma, wanda kusan duk wanda ya je Dahab daga wajenmu zai so ziyarta: tsayinsa mita 2,285 ne, kuma masu sayar da tikitin yawon ba za su tambaye ka ko ka shiga ruwa da safe ba, motarsu kuwa da daddare take tashi. Sa ziyarar dutsen a ranar farko kafin ka fara kwas, ko ka ware mata yini guda bayan nutson ƙarshe ka lissafa kuɗin kwana ɗaya na ƙari a masauki.