Jirgin koyo mai daɗin tuƙi da ya kusa jawo mini bala'i

Wata uku ke nan da na sayi wannan jirgin koyo mai rimot, kuma tun tashin farko ya burge ni, domin yana tafiya a iska cikin natsuwa, yana kuma haƙuri da kurakuran sabon hannu. Da a makon farko na rubuta sharhin nan, da yabo kaɗai za ku karanta.

A tashi na tara ne abin ya faru. Jirgin bai kai ko rabin tsayin mita 120 da dokokin Amurka da Ingila suka ƙayyade wa irin waɗannan jirage ba, sai kawai ya daina jin rimot. Na mayar da totur ƙasa, inji bai tsaya ba, na karkata sandar rimot, bai juyo ba. Haka ya miƙe, farfela tana juyawa, ya nufi wurin ajiye motoci inda wani bawan Allah yake tsaye riƙe da hannun ɗansa. Na ƙwala ihu suka sunkuya, jirgin ya wuce ta kansu ya daki shinge. Ko da na je ba su haƙuri, muryata rawa take yi.

Da muka buɗe cikinsa, mun tarar an kwantar da eriyar a jikin batir, alhali siginar rimot ta 2.4 GHz ba ta ratsa batir ko ƙarfe yadda ya kamata. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tsarin ko-ta-kwana, wanda aikinsa ya kashe inji da zarar sigina ta yanke. An bar shi a kan riƙe umarnin ƙarshe, kuma littafin bayanin bai ambace shi ba sai a layi biyu can kusa da bango.

An yi muhawara mai zafi a filin da muke tashin jirage. Tsofaffin hannu suka ce laifina ne, domin ba a tashin jirgi sai an yi gwajin nisa, wato a duba ko siginar rimot tana isa ga jirgin daga nesa, an kuma cire farfela an kashe rimot a ga ko inji zai tsaya. Na karɓi wannan, ban yi gwajin ba, kuma yanzu ba na tsallake shi. Amma jirgin da aka rubuta a kwalinsa cewa na masu koyo ne, wa ake sa ran zai saye shi in ba wanda bai san waɗannan abubuwa ba?

Na manne fiffiken, na raba eriya da batir, kuma jirgin ya ci gaba da tashi lafiya, har nakan ji kamar in yafe masa. Sai dai duk lokacin da na tuna tsayin yaron nan da tsayin da farfelar ta bi, tauraro biyu ne iyakar abin da zan iya ba shi.