Awon Laraba a asibitin unguwarmu: abin da na gani a layi da abin da na ji a kan benci

Cikina na uku ke nan, amma wannan ne karo na farko da na yi awo a asibitin gwamnati. Biyun farko a asibitin kuɗi na yi, inda ake ce miki "Hajiya bismillah" a miƙo miki kujera. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin gida ya canza, Abban yara ya ce mu gwada na unguwa. Na fara zuwa ciki yana wata uku, yanzu ina cikin na takwas, don haka ina ganin na isa in yi magana. Ba zan kama sunan asibitin ba. A cikin Kano yake, kuma mu 'yan Laraba ne.

Wahalar farko layi ce. Ana idar da sallar asuba mata suke zuwa su jera katinsu a bakin taga, a ɗora dutse a kai kada iska ta kwashe. Ranar da na fara zuwa na isa ƙarfe bakwai ina ganin na yi sammako, sai aka ba ni lamba 47. Ban koma gida ba sai bayan azahar. Bencuna ba sa isa, wasu a kan tabarma, wasu a gindin bishiyar darbejiya. Banɗakin da ake zuwa a kawo fitsarin gwaji kuwa, sau biyu kacal na tarar da ruwa a cikinsa. Ki taho da ruwanki na leda, ki taho da abin karyawa, don yunwar mai ciki ba ta san ana bin layi ba.

Shi awon kansa ba ya wuce minti goma. A hau sikeli, a ɗaura abin awon jini a dantse, a tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari. Sai ki kwanta, ungozoma ta ja tef daga mara zuwa saman ciki, ta kafa wannan ɗan ƙahon a cikinki ta ɗora kunne tana sauraren bugun zuciyar ɗa. Sun yi min allurar tetanus, sun ba ni gidan sauro. Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku kuwa a gabansu za ki haɗiye, domin sun san halinmu, in aka bar mu da shi a jaka zai kwana. Jan maganin ƙarin jini yana sa ni tashin zuciya, bayan gida ya yi baƙi, na tsorata. Sista ta ce haka yake yi, in daina haɗa shi da shayi domin shayi yana hana jiki ɗaukarsa, in sha da lemo in na samu. A lacca ta gaya mana cewa da sau huɗu ake so mace ta zo awo, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas. Wata daga baya ta ce, "Sista, su Hukumar ne za su biya mana kuɗin adaidaita?" Har ita Sistar sai da ta dara.

Wannan Sistar ba ta da sakin fuska, kuma sau ɗaya ta ɓata min rai sosai. Wata yarinya mai cikin fari, da ganinta ba ta kai ashirin ba, ta zo awon farko ciki ya yi wata bakwai. Sista ta dinga yi mata faɗa a gaban kowa, yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Kowa a wurin ya san ba ita ke da ikon fitowa ba, sai an ba ta izini da kuɗin mota. Wanda ya kamata ya sha faɗan yana can kasuwa.

Amma kuma ita ce ta tsayar da ni a mako na 30. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, a gida ana ce min ai alamar namiji ne, wata kuma ta ce zaƙi ne ya taru, a jiƙa min magani. Sista ta auna jinina, ta ce in zauna in huta, ta sake aunawa: 140 bisa 90. Ta tambaye ni ciwon kai ko ganin dishi-dishi, ta rubuta da jan biro, ta tura ni wurin likita a ranar. Ta ce irin wannan ne in aka yi sake yake kaiwa ga jijjiga. Tun daga nan duk mako nake zuwa. Saboda wannan jan biron na yafe mata tsawarta, ban da ta yarinyar nan.

Abin da ban yi tsammani ba, wanda kuma asibitin kuɗi bai taɓa ba ni ba, shi ne hirar benci. Awa biyar kina zaune da matan da ba dangin mijinki ba ne, ba kuma za su kai ki ƙara ba. Bakin kowa sai ya buɗe.

Da ƙananan abubuwa ake farawa. Wata ta ce ta tsani ƙamshin turaren mijinta har sai ya yi wanka yake shigo mata ɗaki, kuma ita ce ta saya masa turaren. Wata ta ce duk wanda ya sake tambayarta "Har yanzu ba ki sauka ba?" za ta ce ya zo ya sauke ta. Direban adaidaita da yake ganin tsohon ciki amma ya faɗa rami a guje, shi kam kowa tana da nata.

Daga nan sai a gangaro kan manya. Wata da muke kira Maman 'yan biyu ta ce ita fa ba ta ga amfanin taron suna ba. Kwana bakwai da haihuwa, ɗinki bai warke ba, an sa ki lalle da kwalliya, mata sun cika miki gado, jariri yana yawo hannu zuwa hannu, kowa da tarinsa da murarsa. "A yanka rago, a raɗa suna, a bar ni in yi barci," in ji ta. Aka yi mata caa, cewa ai a nan ake mayar da bikin da mutum ya yi wa wasu. Ta ce to a aiko mata da omo da sabulun, ta yafe zaman. Ni dai a zuci ina bayanta.

Wata kuma, wadda aka yi wa aiki sau biyu kuma aka riga aka sa mata ranar na uku, ta ce maganar da ta fi ƙona mata rai ita ce "Allah sarki, ba ta iya haihuwa da kanta ba." Ta ce, "To wa ya haifa min? Cikin wa aka yanka?" Wurin ya yi shiru na ɗan lokaci, domin da yawa daga cikinmu mun taɓa faɗin haka a kan wata.

Rigimar da ta fi zafi a kan wankan jego aka yi. Wata malamar makaranta ta ce ita bana ba mai watsa mata tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma har kwana arba'in, kuma ba za ta sha kunun kanwa ba. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce, "'Yar nan, mu da muka haifi goma da wankan muka yi ƙwari. Ku dai raki ne ya yi muku yawa." Aka kai ƙara wurin Sista. Ta ce, "Baba, a yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba wanda ya hana. Amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki." Ta ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da kanwar da kuma zafin nan. Dattijuwar ba ta yarda ba, ta ce likitocin ba su taɓa haihuwa ba. Amma na ga surukarta tana sauraro da kunne biyu. A ranar ce kuma aka nuna mana man cibiya da ake shafawa maimakon gashi da tsumma ko man goge baki, aka kuma ja mana kunne kada a matse ruwan nonon farko a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko.

Ba duk ra'ayin benci na saya ba. Wata ta ce a dinga barin maza suna shiga ɗakin haihuwa su ga abin da ake sha. Na leƙa ɗakin namu: gadaje a jere, labule ɗaya ya yage. Mijin wa zai shiga, matan wa zai gani? Ni abin da nake so daga namiji ya fi wannan sauƙi: ya zo ya ba da jini tun kafin a buƙata, ya bar wayarsa a kunne, kuma in an ce a sa hannu ya sa ba sai ya kira yayansa ya yi shawara ba.

Wadda take da hali kuma ba ta jure zama, ta je na kuɗi, ba laifi. Nan za ki sha layi, wani lokaci a ce magani ya ƙare ki je kemis, kuma jerin kayan haihuwar da suka ba ni, daga safar hannu zuwa auduga da leda, ni zan saya. Amma awon da suke yi na gaske ne, ba a taɓa tsallake min awon jini ko sau ɗaya ba, kuma a nan zan haihu in Allah ya yarda.

Jakata tana bakin ƙofa tun makon jiya. Jiya da yamma Hajiyarmu, mahaifiyar Abban yara, ta aiko da itace kura guda da ƙullin jar kanwa. Na yi godiya, na ce Allah ya ƙara girma. Kanwar tana can saman kabad, ban dai gaya mata komai ba tukuna.