FastAPI da abin da ke bayan alamar tambaya

Wata takwas ke nan ina aiki da FastAPI, tsarin gina sabar intanet da yaren kwamfuta na Python, wanda Sebastián Ramírez ya fitar a 2018. Mutane sun fi yabon gudunsa, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne yadda yake karanta abin da mai nema ya maƙala a wutsiyar adireshin intanet, bayan alamar tambaya, kamar `?shafi=2&adadi=20`.

Duk abin da ya shigo ta nan rubutu ne zalla, har 20 ɗin ma ba lamba ba ce a wurin sabar. A da da hannuna nake juya kowanne, in duba ko an bar shi fayau, in duba ko ya wuce kima. Ran nan dubawa ɗaya ta kuɓuce mini, wani ya aiko `adadi=500000`, rumbun bayananmu ya durƙushe, muka kwana a kai. Yanzu layi ɗaya nake rubutawa: `adadi: int = Query(20, le=100)`. Wanda ya aiko 500000, ko ya rubuta "ashirin" da haruffa, amsa 422 zai samu, wato lambar da ke nufin an ƙi abin da ya aiko, tare da bayani cikin JSON, tsarin rubuta bayanai da manhajoji ke karantawa, da ke nuna masa daidai inda ya kuskure. Ko kusa da rumbun ba zai kai ba. Pydantic, wani kayan aikin Python mai tantance bayanai, shi ne ke wannan aikin a ƙarƙashi, kuma wallahi ya sauke mini nauyi.

Shafin `/docs` da FastAPI ke haɗawa da kansa, mai jera abubuwan da sabar ke karɓa, shi ma ya yi rana. Abokin aikina mai gina manhajar waya ya daina kirana yana tambayar sunan kowane abu, yana gani a can ya gwada.

Wuri biyu ne nake jan kunnen sabon shiga. In kana so a maimaita suna, kamar `?launi=ja&launi=kore`, dole ka sa `Query()` ƙarara a kan jerin, in ba haka ba FastAPI a jikin saƙo zai je nemansa, ba a adireshi ba. Sai kuma alamar tarawa: bayan alamar tambaya sarari ake ɗaukar ta, saboda haka lokaci mai `+01:00` zai iso a gurguje sai an rubuta `%2B`. Wannan tsohuwar ƙa'idar adireshi ce, kuma na fara rubuta ta a bayanin kowane lokaci da nake karɓa.