Ƙaramin gyara a waƙar da aka gama: wace manhaja za ka ɗora wa kwamfutarka?

Ana saura kwana biyu ɗaurin aure ƙanin wani abokina ya same ni a shago, nan unguwar Zariya, da filashi a hannu. Waƙar biki aka yi musu a situdiyo, an haɗa, an yi masta, wato gyaran ƙarshe na sauti, an biya. Da uwar amarya ta saurara sai ta ce mawaƙin ya ambaci wata gwaggo da ba sa ga maciji da ita, lallai a cire. Mai situdiyon ya tafi Katsina, kwamfutar da ke ɗauke da murya daban kiɗa daban tana kulle a ɗakinsa. Abin da ke hannunmu fayil guda ne, murya da kiɗa sun dame kamar fura da nono. Ya ce, "Yaya, daƙiƙa huɗu ne fa kawai."

Irin wannan aiki ba ya yankewa a Maradi: tallar shago da lambar waya ta canja, tafsirin azumi da tari ya faɗa tsakiyarsa, waƙar da ta ƙare kwatsam ana so ta lafa a hankali. A nan ba manhajar da ta fi yawan kayan aiki kake nema ba. Wadda za ta taɓa wurin da ka nuna mata, ta bar sauran yadda mai masta ya bar shi, ita ce taka.

Kafin maganar manhaja, duba fayil ɗin da aka kawo maka. Idan WAV ne, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, ka huta. WAV mai ingancin faifan CD, wato 44,100 Hz da bit 16, yana cin kusan megabayit 10 a minti ɗaya, kuma ko sau nawa ka yanka ka adana, sautin ba ya raguwa. MP3 kuwa an riga an zubar da wani ɓangare na sautin don ya yi sauƙi, shi ya sa mai 128 kbps bai cika kai megabayit ɗaya a minti ba. In ka buɗe shi, ka gyara, ka sake fitar da shi MP3, an sake tace abin da aka riga aka tace. A amo mai kaifi ake fara jin ɓarnar: harafin s ya koma shuu, kacau-kacau ta yi kamar a cikin ruwa ake kaɗa ta.

Don haka in MP3 kaɗai gare ka, kuma yanka ne kawai aikin, nemi mp3DirectCut. Kyauta ce, ƴar mitsitsiya, ta Windows, tana yanka ba tare da ta sake matse fayil ɗin ba. Iyakarta, MP3 gunduwa-gunduwa yake, kowace gunduwa kusan kashi 26 cikin dubu na daƙiƙa, kuma a kan iyakar gunduwa kaɗai take iya yanka. Ga wa'azi ko hira wannan ba komai ba ne. Ga waƙa mai ganga yakan sa ka kuskure bugu.

Audacity ita ce wadda kowa ya sani, kuma ita nake fara ba mutum shawara. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka faro ta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a shekarar 2000, kamfanin Muse Group ya karɓe ta a 2021, har yau kuma kyauta ce a Windows da Mac da Linux. Abubuwa biyu nake so a jikinta. In ka zaɓi wurin yanka ka danna harafin Z, sai ta matsar da bakin zaɓin zuwa inda igiyar sautin ta ratsa layin tsakiya. Wanda bai san amfanin wannan ba, ya yanka ko'ina ya saurara: zai ji ƙas a mahaɗar. Faɗaɗa hoton igiyar har sai ɗigo-ɗigo sun fito, za ka ga layin yana sama sai ya faɗo ƙasa tsaye kamar bakin gulbi da ruwa ya zaizaye. Wannan tsallen ne lasifika ke furtawa. Na biyu shi ne Repair, mai ɗinke ƴar ƙarar da ba ta wuce ɗigo 128 ba, ƙasa da kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Ƙas ɗin waya ko taɓa makirfo, tana gamawa da shi tsaf. Tari ya fi ƙarfinta.

Inda Audacity ke yi wa sabon hannu ƙafar ungulu shi ne wajen fitar da fayil. Ka tabbata lambobin da fayil ya shigo da su, da su zai fita. Wanda ya zo da 48,000 Hz, kamar yawancin sautin bidiyo, kada ya fita da 44,100 don kawai haka ka tarar da saitin. Akwai kuma dita, wani siririn amo da ake yayyafawa da gangan idan za a sauko zuwa bit 16. In yanka kawai ka yi, ba ka buƙatarsa, kana iya kashe shi a saitin inganci. In ka taɓa ƙarfin sauti ko ka yi lafawa, bar shi a kunne.

Akwai ocenaudio, ƴar Barazil, ita ma kyauta. Ba ta da nauyi, tana buɗe doguwar lacca ba tare da tsohuwar kwamfuta ta yi nishi ba, kuma kana iya zaɓar wurare da yawa lokaci guda ka goge. Mai aikin rediyo ko mai tura karatu a memori, ba ya buƙatar fiye da ita.

In kuwa da wannan aiki kake cin abinci, Reaper nake ganin ta cancanci kuɗinka. Kamfanin Cockos ne ke yin ta, na Justin Frankel wanda ya ƙirƙiro manhajar sauraren kiɗa ta Winamp. Ba ta taɓa ainihin fayil ɗinka ko kaɗan: yankan da ka yi umarni ne kawai take riƙewa, gobe in uwar amarya ta sauya ra'ayi sai ka ja bakin gunduwar, gwaggo ta dawo. In ka ɗora gunduwa ɗaya a kan wutsiyar ɗaya, da kanta take narkar da mahaɗar, ɗaya na lafawa ɗaya na tasowa. Sauke ta ba ya cin data sosai, ana ma iya ɗora ta a filashi a yi yawo da ita. Ana gwada ta kwana 60, lasin mai ƙaramar sana'a kuma dala 60 ne. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Lissafa tsakanin jaka 30 da 40, gwargwadon canjin ranar, kuma sai da katin banki mai aiki a intanet. Aibinta, ranar farko za ka ji kamar an ajiye ka a tsakiyar Babbar Kasuwa ba ka san layin kowa ba.

Adobe Audition, tsohuwar Cool Edit Pro da Adobe ya saya a 2003, tana da abin da na kyauta ba su kai ta ba: tana nuna sautin kamar hoto mai launi, ka ga odar mota ko kukan zakara a matsayin tabo, ka shafe shi kiɗa na nan. Sai dai haya ce, sama da dala 20 duk wata, ranar da ka daina biya ta rufe. Gyara biyu ko uku a wata ba zai maido wannan kuɗi ba. WaveLab ta Steinberg da RX ta iZotope kayan ƙwararrun masta ne, ba a sayen tirela don ɗaukar buhun gero ɗaya. Su kuwa fasassun manhajoji, wato na kuɗi da aka ɓalle wa lasi, da ake ɗora wa mutane a shaguna, na taɓa karɓar ɗaya, ta shigo mini da ƙwayar cuta da ta cinye aikin wata uku. Manhajojin waya irin su Lexis Audio Editor suna fid da kai kunya wajen datse farko ko ƙarshe, amma yatsa a kan gilashi ba ya kama bugun ganga daidai.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka ƙara wa masta ƙarfi. An riga an kai shi kusa da rufi, ƙari kaɗan zai fasa shi, kuma Spotify ma da kanta tana daidaita ƙarfin waƙoƙi wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Haka nan in ƙorafin shi ne kiɗa ya danne murya, wannan ba ƙaramin gyara ba ne, sai a jira mai situdiyo ya dawo.

Waƙar bikin nan da Reaper na yi ta. Yankan farko sunan kawai na cire, sai kiɗan ya riƙa ɗingishi, duk mai rawa zai ji ƙafarsa ta sarƙe. Na koma na ƙirga: bugu 120 ne a minti, zagaye ɗaya mai bugu huɗu daƙiƙa biyu ke nan. Na cire zagaye biyu cif, daga kan ganga zuwa kan ganga, na narkar da mahaɗar da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Wani kawu da ba shi da laifin komai ya bi gwaggo, don sunansa na cikin zagayen. Na ajiye fayil ɗin asali da sunansa, sabon na ƙara masa kwanan wata, na tura wa yaron ta WhatsApp a matsayin takarda don ya isa yadda yake. Ya saurara sau uku da abin kunne, ya ɗago ya ce, "Yaya, wai a ina ma ka yanke?"