Ka riƙe musu hannu ko ka sake su?

In aka ba ka yara a sansanin hutu ka koya musu zane ko rini, hanya biyu ce a gabanka. Ta farko irin ta koyon sana'a wajen ubangida ce, kamar a karofin Ƙofar Mata a Kano: ka ɗaure ƙyalle su ɗaure irin naka, ka tsoma a baba su tsoma, ba ƙari ba ragi. Tana da sauri, kaya ba sa ɓarna, ranar rufewa kowa na da abin nuna wa iyayensa. Sai dai aikin duk zai fito iri ɗaya kamar yunifom.

Ta biyu kuwa ka zube musu fenti da takarda ka ce kowa ya yi abin da ke ransa, kai kana zagayawa kana tambaya "me kake so ya fito a nan?" ba ka karɓe buroshin ba. Za ka sha mamaki wallahi, amma fenti zai ƙare da wuri, kuma mai kunya sai ya zauna yana kallon farar takarda har a tashi, don masu surutu sun cinye lokacinka.

Ni dai a rini ta farko nake bi, don in ɗauri bai yi tam ba ruwan baba zai shige ko'ina, adon ya ɓace. A zane kam sake su, amma fara zagayen daga wajen mai kunyar nan.