Kigali, Cape Town ko Abuja: ina za a kai babban taro?

Kwamitin shirya taro yakan fara da tambayar kujeru nawa zaure ke ɗauka. Gara a fara da tambayar daga ina mahalarta za su taso, da kuma abin da za su zo da shi, don amsar ce ke raba cibiyoyin taro uku na Kigali, Cape Town da Abuja.

In taron na faɗin Afirka ne, ni Kigali zan nuna. An buɗe cibiyar taron birnin a 2016, a watan Yulin shekarar kuma ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka. Ƙubbarta kwaikwayon fadar sarakunan Ruwanda ce ta gargajiya, da dare akan haskaka ta da launuka har a hango ta daga tuddan birnin. Babban zaurenta na ɗaukar mutum 2,600, ga otal ɗin Radisson Blu mai ɗakuna 292 a harabar, baƙo ya sauko daga ɗakinsa ya taka zuwa zaure. Ɗan Afirka ba ya bin layin ofishin jakadanci kafin ya shiga Ruwanda, wannan kaɗai ya rage rabin ciwon kai. Garin kuma a kan tudu yake, ba zafi, don haka na'urar sanyaya ɗaki ba ta cin wuta kamar tamu a watan Afrilu. Sai dai a ja kunnen masu haɗa tsaraba: tun 2008 aka haramta leda a ƙasar, kada a ƙunshe wa baƙi jaka da kalanda a cikinta.

Cape Town ta masu baje koli ce. Tun 2003 cibiyar ke aiki, nan ake babban taron ma'adinai na Mining Indaba duk shekara, wurin ya saba da manyan rumfuna da kaya masu nauyi. Farin da ya kusa ƙafar da famfunan birnin a 2018 ya sa ta girka injin tace ruwan ƙarƙashin ƙasa na kanta. Amma ga nisa, ga tsadar tikiti, ga bizar Afirka ta Kudu da ke son a nema da wuri. A Yuni da Yuli kuwa hunturu ake.

Ta Abuja ita ce dattijuwa. An gina ta don taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na 1991, aka yi mata garambawul aka sake buɗe ta a Yunin 2025 da sunan Bola Ahmed Tinubu. In yawancin mahalarta daga Kano, Accra ko Kwatano za su zo, kai taron wani wuri ɓarnar kuɗi ce, tunda 'yan ƙasashen ECOWAS ba sa neman biza. A dai ware kuɗin motocin jigila tsakanin otal da zaure.

Ko ina aka zaɓa, kada a biya kafin alƙalami sai an ga komai a rubuce: wa ke biyan man janareto in wuta ta ɗauke, rumfunan tafinta nawa ne, intanet ɗin zai ɗauki waya dubu a lokaci guda, ina wurin alwala da sallah, kuma ko an yarda a shigo da mai dafa abinci daga waje. Wasu cibiyoyin abincinsu kaɗai ake ci, kuɗinsa kuma yana iya zarce na hayar zauren.